Ɗan Haye a Cikin Mabusa Huɗu

Kujera huɗu ake jerawa a rabin da'ira, a gaban kowacce a kafa ƙarfen ɗora takarda. Ba ganga, ba mawaƙi, ba ƴan amshi, ba kuma mai sanda a gaba yana ba da umarni. Mutum huɗu za su fito, kowa rungume da saksofon ɗinsa, tun daga ƙarami mai siririyar murya da ake kira suprano, sai alto, sai teno, har zuwa babba mai gurnani, wato bariton. Su busa abin da wani ya zauna ya rubuta, jama'a kuma su yi tsit har a kai ƙarshe. Sana'ata ke nan tun 2009, ni ne mai bariton.

Ɗan Damagaram ne ni, amma a Bordo nake zaune, kudu maso yammacin Faransa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne samarin da ke aiko mini da saƙo daga Yamai da Maraɗi da Kano, sun ga hotona da ƙaho a wuya suna tambayar ta ina aka hau. Yawancinsu sun ɗauka jaz nake yi, ko irin busar da ake yi a bayan mawaƙa. Ina ganin girman masu wannan aiki, sai dai hanyarmu daban take, kuma ina son mai sha'awar bin ta ya san abin da ke cikinta tun bai ɗaura ɗamara ba. Ba zan kama sunan rukuninmu ko na abokan aikina ba, domin labarin ya taɓa lafiyar wani da aljihun kowa.

A gidanmu ba mai busa. Kakana malamin allo ne, mahaifina malamin lakwal. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san busa tana da masu ita: masu kakaki da masu algaita na fadar Sarki, waɗanda suka karɓa daga iyaye, iyayen kuma daga kakanni. Ranar hawan salla nakan kafa wa mai algaita ido, kumatunsa sun cika tam, sauti na fita ba ya yankewa ko na ƙiftawar ido. Amma ban taɓa kawo wa raina wata rana zan ci abinci da iskar bakina ba. Wanda bai gada ba ya shiga, ɗan haye ake ce masa, ba kuwa da yabo ake faɗa ba.

Ana nan sai aka yi wa mahaifina canjin wurin aiki zuwa Yamai. Maƙwabcinmu tsohon soja ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a badujala, Baba Soja muke ce masa. Yana da wani tsohon alto da launinsa ya dushe, wasu maɓallan da roba aka ɗaure su. Da la'asar yakan fito da shi gindin dogon yaro. Da ya ga na cika raɓewa, wata rana ya miƙo mini. Alherin da ya yi mini wanda har gobe nake masa addu'a a kansa shi ne ya hana ni busa da ka. Ya ja layi biyar a bayan kwalin sukari, ya ɗiɗɗiga baƙaƙen ɗigo, ya ce: "Ɗana, wanda bai iya karanta wannan ba, abin da kunnensa ya tsinta kaɗai zai maimaita. Wanda ya iya kuwa, ko mai kiɗan ya shekara ɗari a ƙasa, zai ji abin da ya faɗa."

Da labari ya kai kunnen mahaifina bai ɗaga murya ba. Ya kira ni bayan isha'i ya ce, "Kai, gidan nan ba gidan roƙo ba ne. In wasa ne yi wasanka ka gama, amma kada in ji an gan ka a ƙofar kowa." Na ce, "To, Baba." Na riƙe maganar nan, ban taɓa busa don a yi mini liƙi ba.

A 2004 na samu gurbin karatun lissafi a Bordo, ba tare da na san na faɗo ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin saksofon na duniya ba. Jean-Marie Londeix ya koyar a makarantar kiɗa ta birnin daga 1971 zuwa 2001, ɗalibai suna yi masa tururuwa daga Amurka da Kanada da Japan. Shi ne marubucin kiɗa Edison Denisov na Rasha ya rubuta wa wata sonata, wato dogon rubutaccen kiɗa, a 1970, wadda ta shigo da fitar da sauti biyu ko uku a busa ɗaya cikin rubutaccen kiɗan saksofon. Londeix ya yi ritaya kafin in zo, amma tarbiyyarsa ta cika garin: mabushi ya zauna da marubutan kiɗa masu rai, ya nuna musu abin da ƙahonsa ke iyawa, ya sa su rubuta. Da kuɗin wanke-wanke a gidan abinci na sayi alto na hannu, na shiga wata ƙaramar makarantar kiɗa a bayan gari. Malamin da na samu a can ya saurare ni ya ce karatun takardata ya fi na yaransa, amma muryata ta filin fareti ce. Ya ɗora ni a kan dogayen sautuka, in riƙe guda ɗaya tun daga raɗa har ƙara, in sauko da shi ba tare da ya yi rawa ba. Daga baya ya ba ni aron bariton na makaranta, wanda ya haura kilo biyar, yara ba sa son ɗauka. Ina busa sautin can ƙasa na ji shi a haƙarƙarina, ban sake waiwayar alto ba. Digirin lissafin dai na ƙarasa shi, don alkawari ne tsakanina da gida.

A wurin malamin nan na fahimci matsalar da ta haifi sana'armu. Saksofon ya zo duniya a makare. Adolphe Sax, mutumin Dinant ta ƙasar Beljiyam, an haife shi a 1814, a Faris kuma ya yi rajistar ƙirarsa a 1846. Lokacin manyan marubutan kiɗan Turai sun riga sun wuce: Mozart ya shekara 55 da rasuwa, Beethoven 19. Masu gogen Turawa in sun haɗu su huɗu rumbunsu cike yake: Haydn shi kaɗai ya bar musu fiye da 60, Beethoven ya bar 16. Mu kuwa manyan nan ba wanda ya bar mana ko layi ɗaya. Sojoji ne suka rungumi kayan. Ajin da Sax ke koyarwa a Faris an rufe shi a 1870, ba a sake buɗewa ba sai 1942, shi kansa Sax ya mutu a 1894 cikin talauci bayan shari'o'i da abokan hamayya sun cinye shi. Marcel Mule, wanda aka sake buɗe ajin a hannunsa, shi ne a 1928 ya haɗa kai da abokan aikinsa uku na badujalar Garde Républicaine suka kafa rukunin huɗu. In ka cire abin da Singelée, abokin Sax, ya rubuta a 1857 da ƴan tsiraru irinsa, ba su tarar da komai ba sai kiɗan wasu kayan da suke juyawa. Sai suka shiga neman marubuta. Glazunov ya rubuta musu a 1932, Pierné da Françaix suka biyo baya, Desenclos ya kawo nasa a 1964. Sigurd Raschèr ya kafa nasa rukunin a 1969 tare da ɗiyarsa Carina, su ne Xenakis ya rubuta wa XAS a 1987, Philip Glass kuma ya yi musu nasa a 1995. Duk abin da muke taƙama da shi yau, wani mabushi ne ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar marubuci. Ashe kayan da na ɗauka shi ma ɗan haye ne a fadar kiɗan Turai, wanda duk ya riƙe shi dole ya tara gadon da bai tarar ba.

Mu huɗun mun haɗu a 2009. Mai suprano Bafaranshiya ce daga wani ƙauye a kudancin Bordo. Mai alto ɗan Sifen ne daga yankin Balensiya, inda kusan kowane gari ke da ƙungiyar mabusansa. Mai teno daga arewacin Faransa ya fito, jikan masu haƙar kwal, waɗanda su ma suke da ƙungiyoyin busa na ma'aikata. Su ukun sun buɗi ido sun ga ƙaho a gida, ni kaɗai ne na tsince shi a gindin bishiya.

Wanda bai shiga ɗakin gwaji ba zai ɗauka wahalar tana cikin saurin yatsu. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Shekararmu ta farko a wani ɗakin ƙasa muka yi ta, sau da yawa awa guda na wucewa a kan sauti huɗu kacal da muke riƙewa tare. In ɗaya ya kauce ko da ƙanƙani, za ka ji sautin yana kaɗawa, wau-wau-wau, kamar ana girgiza shi. Na'urar awo ba ta raba wannan gardama, domin ita ma'aunin fiyano take bi, kunne kuwa lissafin halitta yake so: girgizar sauti biyu su tsaya a kan uku bisa biyu, ko biyar bisa huɗu. Kafin a samu biyar bisa huɗun nan, mai riƙe da sautin tsakiya sai ya sauke nasa ƙasa da abin da na'ura ta nuna da kusan kashi 14 cikin 100 na rabin mataki. Wato ya yarda ya zama ba daidai ba a idon na'ura, domin mu huɗun mu zama daidai. In abin ya zauna, kaɗawar nan takan ɗauke ɗif, sai ka ji wani sauti na biyar ya taso daga ƙasa wanda ba wanda ke busa shi. Na san bayaninsa a lissafi, bambancin girgizar sautukan ne kunne ke haɗawa, amma har yau in ya fito tsigar jikina tashi take.

Aikin mai bariton a nan shi ne ya zama ƙasa. A kaina kowa ke auna nasa. In majami'ar ƙauye ta yi sanyi ƙaho ya huce sautina ya sauka, su ukun dole su biyo ni, in kuwa na yi rawa duk gini ya yi rawa. Ba wanda ke fita daga zaure yana cewa mai bariton ya burge shi, kuma ban taɓa jin haushin haka ba. Alamar farawa numfashin mai suprano ce. Takan shaƙi iska ta ɗaga ƙahonta kaɗan, daga saurin shaƙar muke gane saurin kiɗan.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutum huɗu ba sa ƙuri'a, don biyu da biyu ake rabewa. Mai alto mai zafi ne, mai teno kuwa in ransa ya ɓaci shiru yake yi sai ka ji a sautinsa. Dokar da ta cece mu guda ce: duk wanda ya kawo shawara, sai an busa ta da zuciya ɗaya kafin wani ya ce a'a. Sau da yawa mai shawarar ne da kansa ke janyewa da ya ji ta a kunne, wani lokacin kuma wanda ya fi kowa ƙi shi ke cewa a bar ta haka.

Akwai wani ɗan abu da rayuwarmu ta rataya a kansa, siririn ɓallin kara da ake ɗaurewa a bakin ƙaho, shi ke karkarwa ya ba da murya. Daga wani irin kara mai kama da gora ake fere shi, mafi shahara wanda ake nomawa a yankin Var, gaɓar Bahar Rum. Na alto goma ne a kwali, na bariton biyar. A cikin biyar ɗin in ka dace biyu su yi. Sai ka jiƙa, ka gwada, ka ɗan kankare gefen da ya yi kauri, ka sa masa lamba da fensir, ka ajiye mai kyan don ranar wasa. Wanda ya yi daɗi da safe a Bordo mai laima yana iya ƙin magana da dare a gari mai busasshiyar iska. Kafin kowane wasa za ka gan mu huɗu kowa da ɓallin kara a baki, ba mai cewa uffan.

Batun abinci kuwa, gara in faɗe shi a fili. Rukunin saksofon ba ya ciyar da mutum huɗu shi kaɗai, sai ƙalilan a duniya. Faransa tana da tsarin tallafa wa ƴan wasan da aikinsu ke yankewa, amma sai ka tara awa 507 a cikin wata 12, kowane wasa kuma awa 12 ake lissafa shi, kusan wasa 43 ke nan a shekara. Akwai shekarun da wasunmu suka cika, akwai waɗanda aka kwana ana ƙirga da yatsu ba a kai ba. Kowannenmu yana koyarwa, musamman ranar Laraba da yara ke samun hutun rana. Ni har da darasin lissafi nake bi gida-gida a farkon lamari. Mun busa wa ƴan firamare da ƙarfe tara na safe, mun busa a gidajen tsofaffi, a ɗakunan karatu, a majami'un ƙauye inda mai gari da kansa ke jera kujeru. Mota ɗaya muke shiga, akwatin bariton ya cinye rabin bayanta. Mun shiga gasa ma, domin mun ga yadda ta ɗaga rukunin Habanera da aka kafa a Faris a 1993. Wata an sallame mu tun zagayen farko, wata mun fito da lambar yabo. Amfaninta shi ne takan sa masu shirya wasa su ɗaga wayarka, daga nan kuma sai abin da ka shuka.

Abin da nake ganin shi ne ainihin aikinmu ya fara ne ranar da muka nemi wata matashiyar marubuciya ta rubuta mana. Na tuna da gargaɗin Baba a kan ƙofar mutane, amma wannan ƙofa mu ne masu biya. Akwai tallafin da ake nema a hukumomi da wurin Sacem, ƙungiyar kare haƙƙin marubutan kiɗa, sai dai takardu ne da jira, abin da ya rage kuma daga aljihunmu ya fita. Ta zo ɗakin gwaji da na'urar naɗar sauti ta ce kowa ya fito mata da sautukan da malamansa suka hana shi. Na yi mata na harshe, wanda ake manna shi a kara a fizge ya ce ɗas. Na yi mata iska zalla ba murya, da ƙarar maɓallai ba busa, da sauti uku a haɗe masu kama da kukan ƙarfe. Tana rubutawa tana tambaya: zai yiwu a hankali? Zai yiwu bayan sauti mai tsawo? Da takardu suka iso, wani tsarin yatsun da ya yi aiki a tenon wani bai yi a na abokinmu ba, don ƙirar ba ɗaya ba ce. Aka koma neman wani, maɓalli bayan maɓalli, ana rubutawa da fensir a gefen takarda. Kiɗan da bai kai rubu'in awa ba ya cinye mana hunturu guda.

Ranar da aka fara busa shi zauren bai cika ba, wasu ma sun fita tun ba a kai rabi ba. Ban zarge su ba, kunne ma sai da sabo. Amma cutar sabon kiɗa ba a daren farko take ba. Kowa yana son a ce a wurinsa aka fara, ba mai son zama na biyu, shi ya sa ɗimbin ayyuka ke mutuwa a aljihun tebur bayan dare ɗaya. Muka yi wa juna alkawari duk abin da muka sa aka rubuta sai mun yi ta yawo da shi, mu saka shi tsakanin Glazunov da wani abu mai daɗin ji, ko mai shirya wasa ya yi tsaki. Shekaru bayan haka wasiƙa ta zo daga wasu ɗalibai huɗu a wata ƙasa, ba mu san su ba, suna neman takardun kiɗan nan da tsarin yatsunmu. Mai teno ya karanta mana a mota, muryarsa na rawa. A duk tafiyarmu ban ga ranar da ta kai wannan ba, lambar yabon gasar ma ba ta kama ƙafarta ba.

Akwai abin da ya ƙona mini rai, zan faɗe shi. Wani mai shirya bikin kiɗa, da ya ga akwai baƙin mutum a cikinmu, ya ce zai ɗauke mu in zan fito da babbar riga in ɗan taɓa ganga a tsakiyar wasa. Ban iya ganga ba, ban kuma yi shekaru ina gyaran sauti don in zama ado a hoto ba. Kafin in buɗe baki mai suprano ta ce masa bariton ɗinmu bariton yake busawa, in shirinmu bai yi masa ba ya nemi wasu. A watan nan muna matuƙar bukatar kuɗin, ba wanda ya ƙara tayar da zancen.

Alaƙar gaskiya tsakanin aikina da gida a numfashi take. Christian Lauba, wanda aka haifa a Sfax ta Tunisiya ya kuma yi aikinsa a Bordo, yana da wani darasi na alto mai suna Balafon da ake busawa mintuna ba a yanke sauti ba. Dabarar ita ce ka tara iska a kumatu, kana tura ta cikin ƙaho kana shaƙar sabuwa ta hanci. Ɗaliban Turai da tsinken shan lemo a kofin ruwa suke koya, ni ma haka na yi, amma ina kumbura kumatu na gane abin da na taso ina kallo ne ranar hawa. Da na je gida hutu na ɗauki bariton har wurin wani tsoho mai algaita. Na gaishe shi na zauna ƙasa, na riƙe masa dogon sauti ina juya shi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yaro, numfashi kam ka samu. To, wa kake kira?" Na ce, "Baba, ba kowa." Ya ce, "Mu in muka busa, mai taken ya san da shi ake, ko yana cikin ɗaki sai ya gyara zama." Gaskiya ya faɗa. Algaitarsa magana take yi, tana da mai ita, tawa kuwa ta wanda ya sayi tikiti ce ko wanene shi. Ban ga laifin hanyarmu ba, amma tambayar ta canja yadda nake tsayawa gaban jama'a. Tun daga lokacin ni ke yi wa masu sauraro bayani kafin sabon kiɗa, in faɗi wanda ya rubuta, in ce yana raye, in yana cikin zauren in sa ya miƙe a gan shi.

A zuwan nan ne na nuna wa mahaifina takardun albashina, masu tambari da lissafin haraji da na fansho. Ya sa tabarau ya karanta layi-layi, kamar yadda yake duba jarrabawar ɗalibai. Ya ce, "Ba wanda kake wa kirari?" Na ce, "Babu, Baba." Ya ninke takardar ya ce, "To, aiki ne. Allah ya yi albarka. Salla fa?" Na ce ina yi. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, na san da haka, kuma ban raina masu tsanantawa ba. Abin da na iya riƙewa shi ne sallata da azumina da abin da ke shiga bakina, a yankin da kusan kowace walimar bayan wasa da giya ake yin ta. Azumin 2015 ya faɗo tsakiyar bazarar Turai, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare ko fiye, ga busa tana son yawu. A cikinsa aka yi babban taron masu saksofon na duniya a Strasbourg. A wasannin watan nan abokaina suka riƙa tsara shiri yadda hutun tsakiya zai dace da faɗuwar rana, mai alto kuma kullum da dabino a akwatin ƙahonsa. Ban roƙe su ba.

Sai annobar korona. Ranar 17 ga Maris 2020 aka kulle ƙasar, aka ɗan buɗe, a ƙarshen Oktoba aka sake rufe zaurukan wasa har 19 ga Mayu 2021. Gwamnati ta tsawaita tallafin ƴan wasa, wannan ya hana da yawa durƙushewa. Amma busa ta intanet ba ta yiwuwa gare mu, jinkirin layi kaɗan ya isa ya ɓata komai. Da muka dawo muka tarar da abin da ya fi annobar ciwo. Yatsu biyu na hannun mai teno sun fara lanƙwashewa da kansu da zarar ya ɗora su a maɓalli, alhali in zai ɗauki cokali lafiya lau suke. Likitoci sun san ciwon a wurin makaɗa, daga ƙwaƙwalwa yake tasowa saboda yawan maimaita motsi ɗaya, kuma ba kowa ke komawa yadda yake ba. Ya yi magani, ya rage gudu, muka sauya shiri don a sauƙaƙa masa. Wata ranar gwaji ya rufe akwatinsa ya ce mu nemi wani, ba zai bari mu riƙa lallaɓa shi a gaban mutane ba. Na yi kuka ranar, shi ne ma yake ba ni haƙuri.

Mun yi shawarar rufe rukunin, abin da ya hana mu shi ne takardun. A lokacin ayyukan da aka rubuta da sunanmu sun taru, wasu ba wanda ya taɓa busa su sai mu. Muka ɗauki wani matashi da ya girme wa ɗalibanmu kaɗan, yatsunsa sun fi na kowa a cikinmu gudu, muka koma ɗakin ƙasa riƙe sauti huɗu kamar 2009. Ya ɗauki lokaci kafin ya yarda ya sauke sautinsa ƙasa da na'ura. Tsohon abokinmu yanzu koyarwa yake yi, shi ke riƙe mana lissafi da wasiƙu, yana kuma zuwa gwaji ya fassara wa yaron rubutun fensir ɗinsa.

Aikin da ke gabanmu bana shi ne naɗar waɗannan ayyuka a faifai, da buga takardunsu tare da tsarin yatsu na ƙira daban-daban, don rukunin da ke nesa ya iya ɗauka ba sai ya neme mu ba. Marubutan duk sun ba da izini. Mun samu wata tsohuwar majami'a mai kyan amo da za a ba mu aro da dare, lokacin da motoci suka ɗauke. Kuɗin mai naɗa ne bai cika ba tukuna, mun raba abin da ya rage gida huɗu, kowa zai kawo nasa kafin kaka.